Binciken Kaka Bahago a Bayan Motar Abinci

A gidanmu na Kusfa, cikin birnin Zariya, idan yaro ya samu abin daɗi ya laɓe bayan ƙyaure yana ci shi kaɗai, fuska a bango, kakarmu Hajiya Kande ba ta dukansa. Cewa kawai take yi a bar shi, cin Bahago yake yi. A nan na fara jin sunan. Na daɗe ina zaton Bahago wata dabba ce mai kunyar a ga bakinta. Sai da na shiga sakandare na gane cewa shi ne dattijon da muke kira Kakan Ƙofa, ƙanin Hajiya, wanda muke zuwa gaisarwa a Ƙofar Kuyambana. Na bi manyan gidanmu ɗaya bayan ɗaya na tattara labarin, ga shi kamar yadda na same shi.

Sunansa na yanka Yakubu. Da hagu aka haife shi. An yi fama da shi yana yaro, aka ɗaure hannun da tsumma, aka shafa masa barkono a yatsu, har cin abinci da rubutu suka koma dama, amma allura ta ƙi. Da hagun ya koyi aikin babbar riga, da ita ya aurar da 'ya'yansa manya. Saboda haka tambarin da yake yi a bayan riga juyawarsa daban take da ta kowa. Masu ido sukan gane aikinsa daga sahun baya a masallacin Juma'a.

Abin da unguwa ta fi saninsa da shi kuwa shi ne ƙin cin abinci a kan hanya. Ko goro ba ya tauna yana tafiya. Yakan ce a zamanin da, mutumin da aka gani yana ci a kasuwa alƙali ba ya karɓar shaidarsa. Samari masu shan rake, in sun zo daidai zaurensa, sai su soke raken cikin riga har su wuce.

Shi nasa abincin rana daga cikin gida yake fitowa, a langa, hannun matarsa Inna Sailuba. Fate ne kullum. Mu Zagezagi an san mu da fate, Kanawa na yi mana tsiya a kai, kuma faten Inna Sailuba a da har daga Gyallesu ake aiko da kwano. Sai hawan jini ya kama Malam, likita ya ce a rage gishiri. Inna Sailuba ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Ta cire gishiri, ta cire magi, ta cire mai, ta cire barkono don kada ya yi kewar sauran. Abin da ya rage shi ne tsaki da ganye da ruwa. Bahago yakan yi loma kaɗan ya rufe, ya yi hamdala da muryar mai jinya. Wuyansa ya yi tsawo, hularsa ta fara sauka har kunne.

Ana cikin haka wata motar sayar da abinci ta zo. Tsohuwar bas ce aka cire kujeru, aka yanka taga a gefe, aka shafa mata fenti ruwan ɗorawa, aka sa tukunyar gas da ɗan janareta a ciki. Injinta ba ya tashi sai an tura. Kullum da hantsi akan turo ta gindin darbejiya, jikin guntun ganuwar da ya rage, daidai inda iska ke ɗebowa ta shiga zauren Bahago. Mai ita wani yaro ne Nabil, ɗan Gyallesu, ya gama karatu bai samu aiki ba. Yana sayar da soyayyar shinkafa da kaza da taliya, da wani abu da ake kira shawarma. Kafin wata ya zagayo, ma'aikata da ɗalibai da 'yan acaɓa sun mai da wurin gidansu na rana, kowa a tsaye, kowa da cokalin roba.

Bahago ya kalla daga zaure har ya kasa haƙuri. Ya sa babbar rigarsa ta fita, ya tsallaka titi, ya tsaya gaban tagar ya yi wa yaron nasiha mai tsawo: 'ya'yan mutane na ci a tsaye kamar dawaki, babu wanke hannu, babu tabarma. Nabil ya sauko ya tsuguna, ya saurara har ƙarshe, ya ce gaskiya ne Baba, zai nemo benci. Sannan ya miƙo wani abu a naɗe cikin takarda, ya ce a kai wa yara.

Babu yara a gidan Bahago sai auta Radiya, ita ma ta gama sakandare. Amma ba a mayar da kyauta, sai ya jefa abin cikin aljihun gaban riga. Ɗumi ya kama ƙirjinsa, ƙamshi ya riƙa hawowa ta wuyan riga yana shiga hanci. Da ya koma zaure ya ce wa ransa bari dai ya duba me ake ɗura wa 'ya'yan Musulmi. Ya buɗe, ya ga gurasa siririya an naɗe ta kamar tabarma, cikinta nama da kabeji da yaji da wani farin abu mai kama da kindirmo. Ya gutsiri kaɗan don ya samu abin faɗa a nasiha ta gaba. Da ya farga, takarda yake lasa.

Ya yi kwanaki yana kokawa da kansa. Ya juya tabarmarsa ya ba titi baya, iska ta biyo shi. Ya kunna turaren tsinke, ƙamshin nama ya haɗu da na turare ya ƙara daɗi. Ranar nan yana dawowa daga azahar idonsa ya kai ga tsakanin motar da ganuwa: akwai ɗan lungu, mai ƙiba ba zai shiga ba, amma shi, albarkacin faten Sailuba, zai shiga har ya juya.

Daga nan tsari ya kafu. In an idar da azahar sai ya jinkirta, ya ɗauki buta, ya nufi ganuwa. Ba a tambayar mai buta inda za shi. Ya shige lungun, ya ƙwanƙwasa jikin mota da gindin butar, hannun Nabil ya fito ta tagar direba da naɗin tabarma, sunan da Bahago ya laƙaba wa shawarmar ke nan. Ya biya, ya juya fuska ga ganuwa, ya yafo hannun riga ya rufe kai, ya ci a tsaye. Faten kuwa akuyar Bala mai faci ce ke shanyewa a bayan zaure, har ta lashe murfi. Akuyar ta yi sheƙi, ta fara bin Bahago duk inda za shi, har ƙofar masallaci take jiransa. Mutane suka ce ai dabba ta san mutumin kirki.

Ta wannan tagar suka saba da Nabil. Yaron ya san daidai yajin Baba, ya san ba ya son tumatir, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Bahago yakan ba shi labarin yadda ganuwar take lokacin yana yaro, baki cike, murya na fitowa daga ƙarƙashin riga. A zaure kuma bai fasa faɗan masu ci a hanya ba, sai dai yanzu da ƙarfinsa yake yi, tunda ya ƙoshi.

Wata Asabar da yamma wasu dattawa suka yi sallama da ƙunshin goro, shugabansu Alhaji Lado daga Gyallesu. Bayan gaisuwa suka ce sun zo nema wa ɗansu Nabil auren Radiya. Bahago ya tambaya wane Nabil. Aka ce mai motar abinci, ai ga ta can ana hangowa.

Bahago ya ji kamar an zare masa tabarma yana zaune. Yaron ba shi da aibi, ya fi kowa sani. Amma suruki ba ya ci a gaban suruki. Mutumin da ya ba ka 'yarsa, ko ruwa zai sha sai ka kau da kai, balle a ce kai ne mai naɗa masa, kai ne mai ganin farin abin nan a gemunsa kana ce masa Baba a goge ta hagu. Ranar da ya ce ya bayar, ranar lungu ya rufe. Ya yi gyaran murya, ya ce ya ji, za a yi bincike kamar yadda aka saba.

Washegari ya ƙwanƙwasa mota, hannu bai fito ba. Ya leƙa ya ga Nabil a tsugune tsakanin buhun albasa da tukunyar gas, kai a ƙasa, yana gaishe shi kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

"Ina abin?" in ji Bahago.

"Baba, ai yanzu da nauyi."

"Na ce na ba ka?"

"A'a, Baba."

"To har yanzu kai mai abinci ne, ni mai saye. Tashi. Kuma jiya ka rage yaji."

Yana cikin ci ne ya fahimci abin da bakinsa ya faɗa. Muddin bai ce ya bayar ba, babu suruki, in babu suruki akwai abincin rana.

Aka shiga bincike. Aka aika Gyallesu a tambayi halin uban yaron, aka ce mutumin kirki ne. Bahago ya ce a binciko kakan. Aka ce malami ne, ya rasu da daɗewa. Ya ce to kakan ta wajen uwa fa. Da aka gama da mutane sai ya koma kan motar: wa ya sayar da ita, me ta ɗauka a da, me ya sa ba ta tashi sai an tura, kada a je a ba da yarinya ga gidan da komai sai an tura. Damina ta faɗi, masara ta yi bunni, har aka fara gasa sabuwa, bincike bai ƙare ba.

Radiya ba a yi mata tarbiyyar ƙorafi ba. Ta dai daina 'yar waƙar da take yi in tana shara. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Bahago yana gani, kuma abin na cin ransa, domin duk cikin 'ya'yansa ita ce ke zura masa zare a allura tun idonsa ya fara rauni. Kowace safiya yakan tashi da niyyar yau zai aika a ce ya bayar. Sai rana ta take, iska ta juyo daga gindin darbejiya, ya ce gobe ma rana ce ta Allah.

Su ma mutanen Gyallesu da mutuncinsu. Alhaji Lado ya aiko cewa ranar Alhamis bayan la'asar za su zo jin magana ta ƙarshe. In ba a son ɗansu a faɗa musu, su janye, ba za su sake dawowa ba.

Inna Sailuba ta yafa mayafi ta zo Kusfa wurin Hajiya Kande, suka shige ɗaki. Waɗanda suka kasa kunne sun ce Hajiya ta saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi: motar da kanta take tashi ko turawa ake yi? Da aka ce turawa, sai ta ce wa Sailuba ta je gida ta kwantar da hankalinta. Sannan ta aika Gyallesu cewa ƙaninta ya ce su zo da an idar da azahar, la'asar ta yi nisa.

Ranar Alhamis Bahago ya lissafa cewa yana da sauran lokaci kafin baƙi. Bai san me zai ce musu ba, ya ga gara ya yi tunanin da cikinsa a cike. Ya ɗauki buta ya shige lungu, akuya na biye. Ya karɓa, ya juya ga ganuwa, ya rufe kai.

A daidai lokacin Hajiya Kande ta sauka daga keke napep a gaban motar, ta dafe kunne ta gefen ɗankwali, ta sanar da layin masu jiran abinci cewa ɗan kunnenta na zinariya ya gangara ƙarƙashin mota. Ta ce in akwai 'ya'yan albarka a wurin su ɗan tura mata gaba. 'Yan acaɓa suka ajiye cokula, aka cire dutsen da ke tare taya, aka sa kafaɗa. Nabil na ciki da tukunyar mai a kan wuta. Ya riƙe ta da hannu bibbiyu kada ta kife, ba damar kai ƙafa ga birki, kuma ba damar ɗaga murya ga wanda yake fatan ya zama surukinsa. Sai raɗa yake yi, Baba, Baba, motar na tafiya da shi.

An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, taya ba ta yi ƙara ba. Bahago ya ji ƙarar janareta na yin nisa, ya ɗauka mai ne ya ƙare, har ya ji daɗin shirun. Ya ji rana a bayansa, ya ɗauka hadari ne ya washe.

Abin da titi ya gani shi ne Malam Yakubu tsaye gaban ganuwa, kai a lulluɓe, kafaɗu na motsi, yana jan hanci, akuya a gefensa ta ɗaga kai tana dubansa. Ga masu abinci, ga sauran mutanen masallaci, ga liman, ga Alhaji Lado da jama'arsa sun iso. Liman ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, bawan Allah yana kukan ganuwar kakanninsa ne da ake ta ɗiba ana gini, irinsu sun yi ƙaranci. Wani tsoho ma har ya share ido. Liman ya matsa a hankali ya dafa masa kafaɗa don ya ba shi haƙuri.

Bahago ya ɗauka akuyar ce. Ya ture hannun ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Kauce, ke kin ci naki."

Shirun da ya biyo baya ne ya sa ya ɗaga hannun riga. Ya juyo, ido jawur da yaji, gemu fari fat ta ɓangaren hagu, ga zaren kabeji kwance a kan aikin wuyan rigarsa, ga rabin naɗin tabarma a hannu. Ya ga samarin da ya sha kora saboda rake. Ya ga yayarsa tsaye, ɗankwali ya ɗan zame, 'yan kunnenta biyu cif a kunne. Ya ga fuskar Nabil a tagar mota kamar zai yi kuka. Bakinsa a cike yake, shi kuma ba ya magana da abinci a baki a gaban jama'a, saboda haka ya ci gaba da taunawa, gari guda na jiransa. A cikin taunar nan ya tuna zoben Radiya. Ya haɗiye.

"Alhaji Lado," ya ce, "kun ce na ja bincike. Wanda zai ciyar da 'yata ba a wurin maƙwabta zan ji labarinsa ba, da bakina na bincika. Yaron ba ya ha'inci a nama, kuma ba ya tona asirin dattijo. Na ba shi."

Liman bai bari maganar ta huce ba, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha a nan tsakiyar titi, wasu da cokali a hannu. Da aka shafa, Bahago ya dubi rabin da ya rage. Wurin da naman ya fi taruwa ne, gindin, wanda kullum yake bari na ƙarshe. Ya dubi motar, ya ga surukinsa. Ya sunkuya ya miƙa wa akuya.

A gida ya shirya jin faɗa, sai ya tarar Inna Sailuba na tsince shinkafar biki a ranta, tana ƙirga ƙawayen da za ta faɗa wa. Ta ce ai tun makon farko ta sani. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin Malam ya lashe murfin langa ba, balle ya bar gashi a gefe. Ya tambaya me ya hana ta magana. Ta ce ta ga hularsa ta daina sauka kunne. Abin da ta yi kawai, ta sa Radiya ta nemo lambar mai motar ta kira shi ta ce a rage wa Baba gishiri. Daga maganar gishiri ne, ashe, hira ta yi tsawo.

An yi biki bayan kaka. Bahago bai sake ɗaukar buta zuwa ganuwa ba. In Nabil ya zo gaisuwa yakan tsuguna daga bakin zaure, kowa ya kalli ƙasa, su yi maganar ruwan bana. Amma duk Juma'a akan kawo langa mai hawa biyu daga gidan Radiya. Hawan sama fate ne. Ba wanda ya taɓa tambayar me ke hawan ƙasa, ko wa ya naɗa shi. Bahago yakan shiga ɗakinsa da ita, kuma duk da ba kowa a ciki, bango yake fuskanta.

Bara na je na gaya masa ina son rubuta labarin don 'yan baya. Idonsa ya yi rauni, ya ajiye allura, amma bakin na nan. Cikin wasan kaka da jika ya ce ashe ni amaryarsa ma 'yar tonon asiri ce, ya fasa auren. Ya kasa kunne ga motsin Inna Sailuba a tsakar gida, sannan ya jawo ni kusa ya rage murya.

"Fiddausi, rubuta duk abin da kika ga dama, har akuyar. Abu ɗaya nake roƙo. Ita in an kawo mata takarda, ƙarshen kawai take sa a karanta mata. To a can ƙarshe, inda za ta ji, ki ce na ce duk garin Zariya babu abincin da ya kai faten Sailuba."